Gaisuwar Dattijuwa

Asabar, da hantsi

Sun janyo Dattijuwa gida. Bas ɗinmu ke nan, wadda babansu ya tsufa yana ɗaukar kayan 'yan kasuwa da ita, kafin idonsa ya yi rauni ya miƙa wa ɗanmu Dogo tuƙi. Tun ranar da ta mutu a kan hawa tana can gefen titi, sai yau wata mota ta jawo ta da igiya, aka tura ta ƙarƙashin rumfa.

Babansu bai fito ba. Dogo bai fito ba. Ni da 'yarmu Auta muka tarye ta.

Ba na son rubuta ranar nan, amma zan rubuta kaɗan in huta. An bugo waya daga asibiti cewa Baffansu yana neman ƙanensa, wato babansu. Suka fita su biyu, Dogo na tuƙi. Mota ta mutu a tsakiyar hawa. Kafin su samu wata su isa, an riga an ja masa mayafi. Abin da babansu ya faɗa wa Dogo a bakin titi, a gaban mutane, an kawo mini shi har ɗaki, amma ba zai shiga littafin nan ba.

Da farko Dogo yana gaishe shi, ba ya amsawa. Yanzu Dogo ya daina. Ya samu aikin tuƙin manyan motoci a nesa, ya ce ƙarshen wata zai tafi, kuma kada in sa rai da dawowa. Ya haɗa jakarsa ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa.

Auta ta zagaya motar, ta shafa gefenta, ta ce, “Kada kowa ya taɓa ta. Ni zan buɗe ta.” Bakanikiya ce a wani gareji cikin gari. Ni ban taɓa ganin ta tana aiki ba, wankin rigunanta kawai na sani.

Litinin, bayan la'asar

Ta dawo daga gareji da akwatin kayan aiki, ko ruwa ba ta sha ba. Ta tsaya a ƙofar babanta ta roƙi makulli. Daga ciki ya ce, “Ba sai an buɗe ba, Injiniya. Yaron nan ya bar ta ba mai, ya take mata wuya a hawa. Shi ke nan.”

Ba ta yi musu ba. Ta ɗaga kujerar gaba, don injin Dattijuwa a ƙarƙashin kujera yake, ta zaro sandar gwada mai, ta kai masa har ciki tana tare ɗigon da tafin hannu. “Baba, duba mini, idona ne ko cike take?”

Ya ce, “To daga baya ya zuba.”

Ta ce, “Makullin yana aljihunka tun ranar.”

Sai ga makulli an miƙo ta bayan labule.

Da ta murɗa, injin ya yi ta juyawa da sauri, sakayau, kamar keken ɗinki babu zare. Ta rufe ido tana saurare. Ta ce, “Inna, kin ji? Inji mai lafiya nishi yake yi idan ana juya shi, don yana matse iska. Wannan babu nishi. Ƙofofinsa a buɗe suke.”

Ni ban ji komai ba. Amma na ga yadda ta karkatar da kai, irin na babanta sak.

Talata, da safe

Bokitin wanki ya tsage. Babansu ya liƙe shi da jan gam ɗinsa. A gidan nan babu abin da bai sha jan gam ba: famfo, murfin tanki, takalmina. Ko Dattijuwa, duk sanda ya kwance mata wani abu, da shi yake mayarwa. Ya ce gaskit ɗin kanti, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarafa don kada mai ya zuba, takarda ce kawai, nasa kuwa har abada.

Na ji daɗi da ya taɓa wani abu da hannunsa.

Jaka tana nan a bakin ƙofa.

Laraba, da yamma

Yau Auta ba ta ɗauki sufana ba. Tambaya ta yi ta yi kamar likita, ta shiga wannan ɗaki ta fito ta shiga wancan, tunda ba za su zauna wuri ɗaya ba.

Babansu ya ce motar ba ta da wani ciwo. Ta ce, “Ƙarar safe fa?” Ya ce, “Wannan ai gaisuwarta ce.” Haka yake kiran ta. Kullum in aka tashe ta da safe sai ta yi kwaram-kwaram na ɗan lokaci sannan ta yi shiru, shi kuma ya ce, “Lafiya lau, Dattijuwa, ya gajiya?” mu yi dariya.

Dogo yana kwance, fuskarsa a bango. Ya ce, “Baƙin Mai, ki ƙyale ni.” Ta zauna a kan ƙafarsa, ta ce ba za ta tashi ba sai ya yi magana, kuma yanzu ta fi da nauyi. Sai ya faɗa. Ya ce gaisuwar ta daɗe tana ƙara tsawo, ƙarfin mota yana raguwa, jar fitilar mai tana ƙifta ido in ya tsaya. Ya faɗa wa Baba sau ɗaya, Baba ya ce a zuba mai mai kauri. A kan hawan kuwa ya ji ƙas, kamar an karya busasshen ice, shi ke nan.

Ta ce, “Sau ɗaya ka faɗa?”

Ya ce, “Ke kin taɓa faɗa wa Baba abu sau biyu?”

Ina bakin ƙofa da kwanon abincinsa. Ya ci rabi.

Alhamis, da azahar

Ruwa aka yi. Ba a taɓa mota ba. Jaka tana nan.

Asabar, da hantsi

Yau na ga aikin 'yata.

Ta shimfiɗa tsohon zanena, ta kwashe mini kwanuka da faranti, duk abin da ta kwance sai ta jera shi yadda ya fito, na hagu a hagu, na dama a dama. Na ce, “Auta, a me za mu ci abinci?” Ta ce, “A tukunya, Inna, ya fi albarka.”

Ta cire murfin saman inji, ta ba ni tocila in haska. A ciki akwai wata doguwar sanda mai ƙusumbi-ƙusumbi, sunanta kamshaf. Ta rubuta mini kalmar a bayan hannu don in kwafa daidai, ta san ban daɗe da fara riƙe biro ba. Aikin sandar shi ne buɗe ƙofofin inji da rufe su. A gabanta akwai sarƙa irin ta keke, amma ta fi kauri, ita ke haɗa sama da ƙasa don su tafi tare. Na ce ban gane ba. Ta ce, “Mata biyu suna daka a turmi ɗaya. In wannan ta sauke, waccan ta ɗaga. Sarƙar nan ita ce ke riƙe musu lokaci. In ta saki fa?” Na ce taɓarya ta haɗu da taɓarya. Ta ce, “An ɗauke ki aiki.”

Ta sa babban sufana a ƙasa tana juya injin da hannu a hankali. “Inna, me kike gani?”

Na ce gaban sandar yana juyawa.

“Bayanta fa?”

Bayanta a tsaye yake cik. Na ce, “Auta, ta karye.” Ni na fara faɗa da bakina.

Ta sa yatsa ta ɗaga sarƙar, sai ga ta sako-sako. Ta nuna mini wasu alamomi biyu da ya kamata su kalli juna, sun yi hannun riga. Ta shafa inda sandar take kwance, ta nuna mini yatsan: a bushe, ƙarfen ya yi shuɗi don zafi.

Na ce to an gano ke nan. Ta girgiza kai. “Wannan mutuwar ce, Inna, ciwon nake nema. Ƙasa cike da mai, sama a bushe. Me ya tare hanya?”

Da na juya, na ga labulen tagar babansu ya motsa.

Lahadi, da yamma

Babansu ya fito da kujera ya zauna a bakin ƙofarsa, wai iska yake sha. Iskar duk ta wajen rumfa take.

Auta ta ɗaga kan injin. Ƙofofin nan, bawul, wasu sun lanƙwashe kamar cokalin da aka taka. Ba ta gaggawa, ba ta zagin ƙarfe. In ƙusa ta ƙi, sai ta ɗiga mata mai, ta ce, “Yi tunani, zan dawo,” ta koma wata. Ni da na haife ta ban san daga ina ta samo wannan haƙuri ba. Ba daga wajena ba dai.

Talata, bayan la'asar



Babansu ya fita. Auta ta shiga ƙarƙashin mota don ta sauke kaskon da mai yake taruwa. Ƙafafunta kawai nake gani, tana kaɗa su tana 'yar waƙa. Sai ƙafafun suka tsaya. Waƙar ma ta tsaya.

Na ce, “Lafiya?”

Ta ce, “Inna, sunkuyo.”

A hannunta akwai wani abu kamar ludayi mai rariya a baki. Ta nan inji yake zuƙo mai ya kai sama. Rariyar ta toshe ɗam. Ta ja wani zare daga ciki, ta goge shi a riga. Ja ne, yana talewa kamar roba.

Ba sai an faɗa mini ba. Yana jikin bokitina, yana jikin takalmina.

Ta ce idan aka lafta gam da yawa aka ɗaure, na waje a gan shi a goge, na ciki kuwa ya tsinke ya faɗa cikin mai. Shekara da shekaru yana taruwa. Abin da ke ɗame sarƙar ma da ƙarfin mai yake aiki, shi ya sa take kwaramniya da safe kafin mai ya iso. Gaisuwar da muke wa dariya ƙishirwa ce.

Na ce, “Wanke shi maza kafin ya dawo. Ki ce tsufa ne.”

Ta ce, “In na ce tsufa ne, zai ce na rufa wa Yaya asiri, maganar bakin titi tana nan daram, Yaya ya tafi. In na ce gam ne, na ɗauki mutuwar Baffa na ɗora wa Baba a ka.”

Na ce to ya za mu yi? Ta mayar da rariyar yadda take, ta mayar da kaskon, ta wanke hannu ta daɗe tana wankewa.

Laraba, da safe

Na ƙona abinci. Na zuba gishiri a shayi. Jaka tana nan, an ɗora takalmi a kanta.

Alhamis, da yamma

Dogo ya ce an kira shi, wata ya kusa ƙarewa. Auta ta ce ya ba ta 'yan kwanaki. Ya ce, “Ko kin gyara ta, ba ni zan tuƙa ba.” Ta ce, “Wa ya ce za a ba ka? Tsaya dai ka ga ƙarshen aikina, kada ka je kana cewa ƙanwarka ta kasa.”

Ba ta faɗa masa abin da ta gani ba. Na so in faɗa, ta harare ni kamar ita ta haife ni.

Asabar, da hantsi

Ta je ta durƙusa a gaban babanta ta ce, “Baba, saura kaskon mai. Na leƙa ciki, na ga abin da na gani, na mayar. Kai ka ɗaura shi da hannunka, kai ya kamata ka sauke shi. Ba na son ka ji a bakina.”

Sai ya tuɓe babbar riga, ya kwanta a kan buhu, ya shiga ƙarƙashin mota.

Ya fito da rariyar. Ta ajiye masa kwanon fetur da tsohon buroshi. Ya tsuguna yana wankewa, jan zare yana fita, yana fita, har ya rufe gindin kwano. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da idonsa, ya ja shi, ya sake shi.

Ya ce, “Wannan nawa ne.”

Dogo yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ban san sanda ya fito ba.

Auta ta ɗauko guntayen sandar biyu ta nuna masa bakin karayar. “Duba, Baba. Rabin nan baƙi ne, tsohuwar tsaga ce, ta daɗe tana ci. Ɗan farin nan shi kaɗai ya rage, shi ya karye a hawa. Ko wa ke riƙe da sitiyari, ko a hankali ko da gudu, a cikin makon za ta karye.”

Ya ce, “Ba don gam ɗina ba, da na isa wajen Baffanku.”

Ta ce, “Ƙarar nan mu huɗu muka ji ta kowace safiya. Kai ka raɗa mata suna. Yaya ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru. Inna tana dariya. Ni da na san ma'anarta a motar kowa, kullum sai in wuce ta in tafi gyaran na wasu, don ta gida ce, na saba da muryarta. In za a raba, Baba, a raba huɗu. Ba za ka kwashe duka ba.”

Ya tashi ya shiga ɗaki, hannunsa duk fetur, ya saki labule.

Lahadi, da yamma

Bai ci ba. Bai fito ba. Da ta bi maganata. Yanzu ɗaya zai tafi, ɗaya ya kwanta.

Litinin, da safe

Abin da na rubuta jiya ban yi wa yarinyar nan adalci ba. Ba zan goge ba, amma ban yi mata adalci ba. Ita ma ba ta ci ba, na ga kwanonta.

Talata, da azahar

Ya fito da sassafe da hularsa ya ce, “Injiniya, tashi mu je kasuwar kayan mota.” Sun dawo da kan inji na hannu, da sanda, da sabuwar sarƙa da abin ɗame ta. Ya zaro wata takarda mai ramuka daga leda ya ɗaga mini. “Kin ga gaskit. Wai wannan abin.” Ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai.

Ya kai wa Auta ruwan wanke hannu da kansa. Ban taɓa gani ba.

Da Dogo dai har yanzu babu magana. In sun haɗu a tsakar gida kowa ya kalli ƙasa.

Jumma'a, bayan la'asar

Auta ta gama wanke duk hanyoyin mai, tana hura su ɗaya bayan ɗaya sai ta ji iska ta fita ta ɗaya gefen. Da aka zo ɗora kan inji ta ce nauyinsa ya fi ƙarfinta, ta ƙwala wa Dogo kira. Uba ya kama gefe, ɗa ya kama gefe. Ni na ga sanda ta sauke tsohon ita kaɗai, amma na kama bakina.

Sai saita sarƙa. Ta ce dole mutum ɗaya ya juya inji daga ƙasa, ɗaya ya tsaya a sama yana kallon alama, ya faɗi sanda ta zo daidai. Ta ba babanta sufana, ta ba Dogo tocila. Ita kuma wai hannunta yana riƙe da sarƙa, bakinta yana riƙe da ƙusa, ba ta iya magana.

Babansu ya fara juyawa. Shiru. Ya ci gaba. Alama tana matsowa, Dogo yana kallon Auta, Auta tana kallon rumfa.

Sai na ji, “Kaɗan, Baba.”

Sufana ya tsaya.

“Ƙara kaɗan. Kaɗan. Tsaya, ta zo.”

Daga ƙasa aka ce, “Ka tabbata?”

“Na tabbata, Baba.”

“To.”

Na shiga kicin na yi ta yanka albasar da ba na bukata.

Lahadi, da safe

Auta ta ce da sanyin safiya za a ta da Dattijuwa, don a lokacin ne ba ta iya ɓoye komai. Muka taru mu huɗu. Ta fara juya injin ba tare da ta bar shi ya kama ba, sai da jar fitilar mai ta mutu, ta leƙa ta ramin zuba mai ta ga ya iso sama yana sheƙi. Sannan ta ce, “Bismilla, Baba.”

Ya murɗa. Ta yi nishi, ta yi nishi, ta kama. Muka tsaya muna jiran kwaram-kwaram. Babu. Sai wani sauti lallausa, kamar kyanwa a cinya.

Babansu ya karkatar da kai ya daɗe. Ya ce, “Ba ta gaishe ni ba.”

Auta ta ce, “Ta sha ta ƙoshi ne.”

Ya sauko daga kujerar direba, ya bar ƙofar a buɗe. Ya tsaya a gaban ɗansa, sai da ya ɗaga kai don yaron ya fi shi tsawo. Ya ce, “Dogo. Ka tashi lafiya?”

Dogo ya zube ƙasa. “Ina kwana, Baba.”

“Lafiya lau. Tashi ka kai ni hawan nan. A gaban mutane na yi magana, masu shagunan wurin suna nan, a gabansu zan janye ta.”

Auta ta bi su da ihu: “A hankali! Kada a take mata wuya!” Dogo ya leƙo ta taga ya ce, “Ji mai mota.”

Lahadi, da yamma

Sun dawo tare, sun biya ta wajen iyalin Baffa. Abin da aka faɗa a kan hawa ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Idanunsu duka biyu sun yi ja.

Auta ta yi barci a zaune a kan buhu, baƙin mai har goshi. Na tsaya ina kallon hannuwan nan. Na rufa mata zane.

Litinin, da hantsi

Sun fita aiki tun da safe. Na buɗe jakar na kwashe rigunan na ce duk sun yi warin ajiya. Da Dogo ya dawo ɗaukar abinci ya gan su a jiƙe, ya ce, “Inna, shuɗiyar kada ki sa mata bilic,” ya wuce.

A bokitin nan na jiƙa su, mai jan gam. Ko ɗigo ba ya yi. Na nuna wa Auta, ta ce, “A bokiti ba laifi, Inna. A bokiti Baba gwani ne.”